Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran bod ɗin injin gem na arcade

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a kunna inji, sikirin ya ƙi kawowa, nan take sai mutum ya ɗauko ayan na narka dalma ya fara cire ayisi, wato ƙananan cip ɗin da ke kan bod. Haba! Ka auna wuta tukuna. Yawancin bod ɗin nan da bolt 5 suke aiki, kuma kuskuren shi ne a auna a bakin fawa saplai a ce ai lafiya lau, alhali kafin wutar ta bi tsohuwar waya ta isa bod ta riga ta ragu. Ka ɗora mita a kan bod ɗin kansa yana kunne, ka saita wutar daga fawa saplai ta tsaya bolt 5.0 zuwa 5.1, kar ka murɗa da yawa don in ta haura ayisi ne za su ƙone. Gem ɗin da yake ta kashe kansa yana sake tashi, sau da yawa matsalarsa kenan.

Sai bakin JAMMA, wato gefen bod mai fin 56 da ake soka wa soket ɗin wayoyin inji. In ya yi datti ko ya yi baƙi, sa robar goge fensir ka bi shi a hankali sannan ka share da sifirit. Ka kashe wuta kafin ka cire ko ka sa, kuma ka duba da kyau kar ka juya soket ɗin baibai, bolt 12 in ya shiga inda bai kamata ba shi kenan, bod ya tafi.

Wai don soket ya shiga ba shi ne ya dace ba fa. Pac-Man na 1980 ya girmi JAMMA, tsarin wayarsa daban ne, sai da adafta. Neo Geo MVS mai ɗaukar kaset da yawa sautinsa sifika biyu yake fitarwa, JAMMA kuwa ɗaya ce, in ka haɗa su kai tsaye kana iya lalata amfilifaya. Mortal Kombat hoto zai fito tas amma babu sauti in fawa saplai ɗinka ba ta ba da bolt -5, mutane sai su yi ta canja sifika a banza. Street Fighter II kuma madannan shuri uku ba sa bi ta JAMMA, wayarsu daban take, kuma ta bod ɗin Capcom samfurin CPS1 ba ta shiga samfurin CPS2.

Hoto yana birgima ko ya wargaje? Duba sikirin kafin ka zargi bod. Tsofaffin bod 15kHz suke fitarwa, sikirin kwamfuta na yau da kullum 31kHz yake so, dole sai da na'urar da za ta juya siginar.

Batir kuwa, don Allah a kula. Na Neo Geo in ya tsufa yoyo yake yi ya cinye layukan bod, gara a cire shi da wuri a wanke wajen. Na CPS2 akasin haka ne, shi ke riƙe da makullin da ke buɗe gem ɗin, in ya mutu sai ka ga sikirin launi ɗaya kawai. Kar ka jefar, tun 2016 ana iya sake rubuta masa makullin. Ka kuma duba launin kwanson bod ɗin gem na CPS2, wanda ake ɗorawa a kan wani bod na ƙasa, kore da shuɗi suna hawa kan bod ɗin ƙasa iri ɗaya, mai ruwan toka da mai ruwan lemo kuwa kowanne sai nasa.