Hutun ɗalibin likitanci: kurakuran da muke ta maimaitawa

'Yan ajin ƙarshe da ku da kuka gama kuna jiran aikin horo, hutun Disamba ya zo, sati biyu ko uku ne kacal, amma kowa ya ɗora masa kayan wata uku: zai yi bacci, zai gama furojet, zai je intabiyu, zai fara gudu ya rage tumbi. Na bi ta nan, ga inda na ga muna faɗuwa.

Babba a cikinsu shi ne barin takardar izinin bincike sai an dawo. Mutum ya zauna yana ta gyaran babi na biyu, yana tara maƙaloli kamar zai buɗe laburare, alhali kwamitin ɗa'a na asibiti bai ma ga furofozal ɗinsa ba, kuma kwamitin nan ba kullum yake zama ba, ka rasa zama ɗaya sai ka jira na gaba, ga shi ba ka da ikon yi wa mutum ko ɗaya tambaya sai takardar ta fito. Ka miƙa kafin ka bar makaranta, ta yi ta tafiya kai kana gida kana cin tuwon Inna. Kuma ka samu sa hannun sufabaiza tun kafin shi ma ya tafi nasa hutun.

Sai maganar 384, wato adadin mutanen da za a yi wa tambayoyi a binciken. Kusan duk furojet ɗin kominiti (fannin lafiyar al'umma) sai ka ga lambar nan, don a ƙa'idar lissafin an sa p (kason mutanen da ake tsammanin suna da matsalar) a 0.5, d (kuskuren da aka yarda da shi) a 0.05, Z (lambar matakin tabbaci) a 1.96. Lissafin daidai ne, amma 0.5 ana sa shi ne idan babu wani binciken baya da ya ba ka adadi. In akwai, ɗauki nasu, sau da yawa adadin mutanen zai ragu, sannan ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda waɗanda ba za su amsa ba. Ka san dalilin kowace lamba don ranar difens, wato ranar kare furojet, nan za a tsare ka.

Abin da ya fi ci min rai kuwa fassarar takardar tambayoyi ce. Wallahi mu 'yan Arewa muna ganin ai Hausa tamu ce, sai mu riƙe takardar Turanci muna fassarawa da ka a gaban mutum, kowane ɗan guruf da irin tasa. A namu aikin mun tambayi wata dattijuwa a zaurenta, Baba, kina da hawan jini? Ta ce ƙwarai, tun rasuwar ɗanta. Aka ce likita ne ya auna ya faɗa miki? Ta ce a'a, damuwa dai. Haka zazzaɓi, kai kana nufin maleriya, shi yana nufin duk wani zafin jiki. Ku rubuta fassara ɗaya, wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci ku kwatanta, ku gwada ta a wata unguwa daban kafin ku shiga ta ainihi. Wannan aikin kwana biyu ne, a hutu za a iya yinsa. In kun zuba ta a KoboCollect, manhajar tattara bayanai ta waya, ma kun huta da shigar da bayanai da hannu.

Tafiyar intabiyu kuma, yanzu gurbin aikin horo a asibitocin tarayya ta shafin MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, ake nema, amma na jihohi da masu zaman kansu da tallafin karatu har yanzu ana kiran mutum. Kar ka taso ranar, ka kwana a garin. In jirgin ƙasa za ka bi daga Rigasa ta Kaduna zuwa Abuja, sayi tikiti da wuri don lokacin hutu ƙarewa yake, kuma tashar Idu ba cikin gari take ba, ka sa kuɗin mota da lokaci a lissafi. Orijinal a fayil ɗaya, fotokwafi a wani, da fasfo, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da lasisin wucin gadi in ya fito, ka ɗauki hotonsu a waya. Kuma ka karanta furojet ɗinka a hanya, suna son tambaya a kai, abin kunya ne ka kasa faɗin abin da ka gano.

Gudu shi ne wanda ake fara shi da zafi. Shekara guda ba ka motsa ba sai tsayuwar zagayen wod, ranar farko ka ce kilomita 10 da tsohon kambas, kwana uku ƙwauri ya ɗau ciwo, shi ke nan an ajiye. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce wa manya minti 150 ne a sati na motsa jiki matsakaici ko 75 na mai ƙarfi, to fara da sassarfa minti ɗaya tafiya minti biyu, sau uku a sati, kana ƙarawa a hankali. Ga hunturu, ranar da hazo ya rufe gari ka haƙura ko ka yi a cikin gida, mai asma kuma kar ya fita ba inhela a aljihu. Zaɓi lokacin da za ka iya riƙewa in an koma fostin a asibiti, ni bayan Asuba ne ya ɗore min, na yamma kwal (aikin kwana a asibiti) ɗaya ke rusa shi.

Kwana ukun farko kuwa ka yi baccinka, ka je gaida dangi, kar ka buɗe laftof. Takardar neman izinin tana can ofishin kwamiti tana jiran layi.