Yadda Ƙaramar Ikilisiya Za Ta Karɓi Baƙo

A ƙaramar ikilisiya baƙo ba ya ɓuya, domin kowa ya san kowa, kuma wannan sanin junan ne kan sa sabon zuwa ya ji kamar ya faɗo cikin taron dangin da ba nasa ba. Saboda haka a ware mutum biyu, namiji da mace, su tsaya a bakin ƙofa tun kafin a fara sujada, su gaishe shi, su kuma miƙa masa Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi idan bai zo da nasa ba.

Batun wurin zama yana da nauyi. Wasiƙar Yaƙub, sura 2, ta tsawata wa masu karrama mai zoben zinariya su bar matalauci a tsaye, don haka kada tufafin baƙo su zaɓa masa kujera. A ganina, bai kamata a tilasta masa miƙewa ya gabatar da kansa ba, tun da wataƙila baƙin ciki ne ya kawo shi, ba ya son idon jama'a. Ranar Jibin Ubangiji kuwa, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Yesu, fasto ya bayyana a fili waɗanda ake gayyata su ci, domin ɗarikoki sun bambanta a kan wannan.

Bayan an tashi, wani dattijo ya tambayi baƙon sunansa, ba dalilin barin majami'arsa ta dā ba. Idan ya amince, a ziyarce shi cikin makon, a gayyace shi taron addu'a, amma kada a yi gaggawar ɗora masa wani aiki.