Wanke bututun bindigar farauta tsakanin gishirin Jidda da ƙurar Riyad

Mai bindigar farauta da lasisi a Saudiyya yana fama da abu biyu da ba magani ɗaya suke ji ba. A Jidda da Yanbu iskar Bahar Maliya ce mai laima da gishiri, tsatsa ba ta ɗaukar lokaci. A Riyad da Ƙasim ƙura ce mai laushi, wadda in ta tarar da mai a cikin bututu sai su cakuɗe su riƙa cin ƙarfen. Don haka yawan man da za ka bari ya danganta da garin da bindigar take kwana.

Kafin komai, ɓalle ta, ka cire harsashi, ka leƙa mazauninsa da ido, ka sa yatsa ka tabbatar. Harsasan su koma wani ɗaki. Buɗe taga, sa safar hannu, domin dauɗar da za ta fito akwai dalma a ciki.

Kayan aikin kaɗan ne: sandar wanki doguwa mai rufin roba, buroshin tagulla, yankakkun ƙyallayen auduga, maganin narkar da dauɗa, da man bindiga. Buroshin ya zama daidai da faɗin bututun. Shozan mai lamba 12, wato mai watsa ƙwayoyin dalma, faɗin cikinta kusan milimita 18.5 ne, buroshin lamba 20 zai wuce kawai bai taɓa komai ba.

Kullum daga gindi ake shiga a fita ta baki. A bindiga mai layukan murɗe a ciki, gefen bakin nan shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa. In sanda ta cinye gefe guda, iskar albarushi za ta riga fita ta nan ta karkatar da harsashin, saiti ya lalace, kuma wanki ba ya mayar da shi. Jiƙa ƙyalle da magani ka tura sau ɗaya ya faɗo ta baki, kada ka jawo shi baya da dauɗarsa. Ka bar maganin minti 10. Sannan buroshi, kai da komo kamar sau 10, amma sai ya fita gaba ɗaya kafin ka jawo. Juya shi a tsakiya yana karya gashinsa, wani lokaci ma ya maƙale. Daga nan busassun ƙyallaye har sai sun fito fes.

Ƙyallen zai gaya maka abin da ke ciki. Baƙi toƙar albarushi ce. Shuɗi-kore jan ƙarfe ne daga rigar harsashi, maganinsa mai amoniya, kuma kada ya wuce minti 15 a ciki. Amma kula, buroshin tagulla ma yana ba da wannan launin, sai mutum ya yi ta wanki alhali bututunsa tsaf yake. A wannan matakin sa buroshi na roba. Ja-ja kuwa tsatsa ce. A shozan za ka ga jirwaye kusa da mazaunin harsashi da can wajen baki, robar cikin harsashi ce ta manne. In bakin yana da matsi mai kwancewa, wato guntun bututu da ake murɗawa a ciki, kwance shi, ka goge zaren, ka shafa giris kaɗan. Matsin da aka bari shekara a iskar Jidda ba a kwance ba, sai maƙeri.

A ƙarshe ɗigo biyu ko uku na mai a ƙyalle, tura sau ɗaya. Na bakin teku ya bar shi haka, ya duba duk wata. Na cikin sahara ya bi da busasshen ƙyalle. Kowa dai ya busar da bututu kafin harbi, ya ɗaga shi ga haske: mai da ya taru, guntun ƙyalle ko yashi na iya kumbura bututu ko fasa shi. Man injin mota ba na wannan aikin ba ne. Bindigar iska da ake kira saktun, mai sifirin, kada a ɗiga mata mai a ɗakin iska, matsin yana kunna shi ya ƙona robar fistan.

Akwai kuma raɓar na'urar sanyaya mota. Ƙarfe mai sanyi ya fito cikin zafin Jidda, nan take yake jiƙa ciki da waje, sai a goge a ranar. Jakar fata ko mai soso ta tafiya ce kawai, tana riƙe laima. A ajiye a akwati mai makulli da ƙunshin silika mai shanye laima, baki ƙasa, don kada mai ya gangara ya jiƙa katakon gindi ya ruɓar da shi. Harsasai a wata ma'ajiya daban da yara ba sa kaiwa.