Katantanwa a jirgi mai inji biyu: kurakuran da ke kai ɗalibi ga halaka

Yaranmu na Gombe da ke zuwa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya kan fara da mai inji ɗaya kafin su hau mai biyu. Da yawa sukan ɗauka dabarar fita daga katantanwa, wato fuka-fuki su daina ɗaukar iska jirgi ya riƙa juyi yana faɗowa, ɗaya ce ko'ina. Ba haka ba ne. Ƙa'idar Amurka da aka ƙera irin su Beechcraft Baron da Piper Seminole a kanta ba ta wajabta gwada masu inji biyu a katantanwa ba. Injina da tankunan mai suna can kan fuka-fuki, nesa da tsakiya, idan juyi ya kama wannan nauyin da wuya ya tsaya. Saboda haka gyaran na gaske shi ne kada a shiga.

Inda aka fi shiga kuwa shi ne lokacin da inji ɗaya ya mutu. A agogon gudu akwai jan layi, Vmc, ƙasa da shi linzamin wutsiya ba ya iya riƙe hancin jirgi idan inji ɗaya ne ke ja. Akwai kuma shuɗin layi, gudun da ya fi dacewa da hawa da inji ɗaya. Ɗalibi ya ga ƙasa na matsowa sai ya ja sitiyari, ya bar totur a ƙure, gudu ya zube. Ɗan'uwa, da zarar hanci ya fara karkata ka taka fedar linzamin wutsiya ya ƙi, ko ƙararrawar gargaɗi ta yi kuka, rage totur, sauke hanci. Gara ka rasa tsayi da ka rasa iko.

Abin da ya fi damuna shi ne yarda da jan layin nan ido rufe. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke matsa masa iska, ƙarfinsa na raguwa idan an yi sama ko iska ta yi zafi, irin zafin Maris da Afrilu a Lawanti, inda filin jirgin saman Gombe yake. Sai Vmc ta sauka, amma gudun da fuka-fuki ke daina ɗaukar iska yana nan yadda yake a agogo. Ke nan jirgi zai iya sakin iska tun hanci bai karkata ba, alhali inji ɗaya na ja da ƙarfi. Wannan ita ce ƙofar katantanwa. Shi ya sa ake atisayen gwada Vmc da inji ɗaya sama da ƙafa 3,000 daga ƙasa, malami na tsare da feda, kuma a dakata tun alamar farko.

Loda kaya a baya ma kuskure ne, yana sa juyin ya kwanta, hanci ya ƙi sauka. A auna kaya kafin tashi.

Idan duk da haka katantanwa ta kama, kada ka murɗa sitiyari don ɗaga fiffiken da ya faɗi, ƙara juyin yake yi. Mayar da totur duka biyun baya gaba ɗaya, daidaita sitiyari a tsakiya, taka fedar da ke kishiyar juyin har ƙarshe, tura sitiyari gaba. Juyi ya tsaya, saki feda, ɗago hanci a hankali. Idan littafin jirginka ya zo da nasa tsarin, shi za ka bi, kuma ka haddace shi tun kana ƙasa.