Idan Zomonka Ya Ji Ciwo a Ƙafa

Zomanyar 'yata ta taɓa maƙale ƙafar baya a ragar keji, ta fizga da ƙarfi, muka wayi gari ƙafar tana lilo. Ko motsi ba ta yi ba, ta dai lafe a kusurwa. Haka zomo yake, tun daga dawa ya gaji ɓoye ciwo don kada a farga da rauninsa. In har ka ga ɗingishi a fili, to ciwon ya yi nisa.

Abu na farko, kada ka bi shi da gudu, kada kuma ka ɗaga shi ta kunne. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma a nan maganar ta zauna daram. Ƙashinsa bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, ga ƙafafun baya masu ƙarfin tsiya. In ya yi harbi yana rataye a hannunka, yana iya karya gadon bayansa da kansa. Ka lulluɓe shi da tawul ko tsohon zani, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe gindi, ka sa shi a kwalin da ba zai samu wurin tsalle ba. Ka ajiye kwalin a inuwa, don zafi kaɗai yana kashe zomo.

Sannan ka duba da ido kafin hannu. In farce ne ya cire, danna wurin da tsumma mai tsabta, ka barbaɗa ɗan garin masara, jinin zai tsaya. In yanka ne, tafasa ruwa rabin lita, zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, bari ya huce ka wanke. Da damina ka riƙa leƙa ciwon safe da yamma, saboda ƙuda na yin ƙwai a kai, cikin kwana guda sai tsutsa. In kuwa ƙafar tana lilo, ko ta karkace, ko yana jan ƙafafun baya duka biyu yana fitsari a kwance, wannan ya wuce aikin gida.

Maƙwabcina ya ce in kai ta wurin mai ɗori. Ina girmama masu ɗori, sun ɗora mini hannu ina yaro, amma ƙashin zomo siriri ne, tsagewa yake yi kamar kara, ja da murza sai su ƙara farfasa shi. Karayar cinya ma ba ta ɗauruwa da itace. Likitan dabbobi za ka nema, in da hali a ɗauki hoton ƙashin. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi, haka Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. In sun yi maka nisa, asibitin dabbobi na garinku ya isa a fara da shi.

Abin da na fi son a ji shi ne, ba kasafai ƙafar ke kashe zomo ba, cikinsa ne. Zafin ciwo yana hana shi ci, in ya daina ci hanjinsa ya tsaya. Awa 12 ba ci ba kashi, ka tafi asibiti ko dare ne. Shi ya sa maganin rage zafi ya zama dole, likitoci kan ba da meloxicam gwargwadon nauyinsa. Ka sa masa harawa da ruwa dab da bakinsa, da ɗan ganyen da ya fi so (tamu ganyen dankalin Hausa ne ya dawo da ita). In ya ƙi, jiƙa abincinsa ya yi kamar kunu, ka riƙa ɗiga masa da sirinji marar allura ta gefen baki, kaɗan-kaɗan. Kullum da safe ka ƙirga kashinsa da ido. In ka ga mai laushi, curarre, ya manne masa, wannan shi ne irin kashin da zomo kan ci da dare bisa ɗabi'arsa, ciwon ne ya hana shi lanƙwasawa ya kai gare shi. Ka miƙa masa, kada ka share.

Kuma don Allah a bar al'adar fasa kafson Ampiclox ko amoxicillin a ruwan sha. Irin waɗannan magunguna in sun bi ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci, zawo ya biyo baya, zomo ya tafi alhali ƙafar tana warkewa. Maganin ciwon jiki na mutane ma kada ka gwada da ka.

Karaya takan ɗauki mako 4 zuwa 6 ko fiye, a ƙaramin wuri, kan shimfiɗa busasshiya da ake sauyawa kullum. Tamu ta yi mako 6 a kwali a ɗakin baƙi. Kafin ta koma keji na shimfiɗa katako a rabin ragar, na zuba ciyawa a kai. Har yanzu tana ɗan karkata in ta yi gudu, amma ta haihu sau biyu tun daga lokacin.