Hannunka na Kaduna ba zai fisshe ka a dusar ƙanƙara ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙi tsakanin Zariya, Kaduna da Abuja kafin in zo Kanada, ko ƙwarzane ban taɓa yi wa motar wani ba. Da wannan tinƙahon na shiga hunturuna na farko a lardin Ontariyo. Ba a yi wata biyu ba sai ga ni a rami a gefen titi, gaban mota ya nutse cikin dusar ƙanƙara, ina ta salati. Gudun da nake yi bai kai kilomita 50 ba. Kwana ce kawai ta sauka daga babbar hanya mai lamba 400. Na taka birki yadda na saba, na murɗa sitiyari, motar ta ce ba ta san zancen ba, ta miƙe abinta.

Wani dattijo Bakatsine da ya daɗe a ƙasar nan shi ya zo ya ɗauke ni bayan janwe ta fito da motar. Bai yi mini faɗa ba. Durƙusawa ya yi ya shafa taya, ya ɗago ya ce, "Ƙanena, da wannan takalmin ka fito?"

Na ce, "Alhaji, ai sababbi ne."

Ya ce, "Sababbi ne, amma na bazara."

To, daga taya zan fara, don a nan sababbin zuwa suke son yin tsimi. Robar tayar yau da kullum, har wadda ake tallarta da sunan ta kowane yanayi, takan fara sandarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Ta hunturu kuwa da laushinta take zama, ga ƙananan tsage-tsage a jikinta masu cizon ƙanƙara. Ka duba gefenta, za ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a tsakiya. Guda huɗu za ka saka. Wanda ya saka biyu a gaba kaɗai, ranar da ya shiga kwana bayan motar zai nemi ya riga gaban zuwa. A lardin Kebek doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ontariyo ba a tilasta ba, amma tun 2016 aka wajabta wa kamfanonin inshora su rage wa mai tayar hunturu kuɗi, sai dai in ba ka faɗa musu ba, ba za su bi ka gida da ragin ba. Ka riƙa gwada iskar taya kuma, sanyi na rage ta.

Masu manyan jif da ke ja da ƙafa huɗu, ku ji nan. Jan ƙafa huɗu yana taimakon tashi ne, wajen tsayawa kuwa ku da mai ƙaramar Corolla duk birkin taya huɗu gare ku, ga ku da ƙarin nauyi. Duk safiyar da aka kwana ana zuba dusa, ka lura da irin motocin da ke kwance a ramin tsakiyar hanya.

Kafin ka tashi, ka share motar gaba ɗayanta: gilasai, madubai, fitilu, har rufin sama. Wanda ya buɗe 'yar taga a gilashin gaba ya kama hanya, birkin farko tulin da ke saman zai zamo ya rufe masa ido, ko iska ta watsa wa na baya. Kada ka ɗauko ruwan zafi a buta ka sheƙa wa gilashi, tsagewa zai yi. Ruwan wanke gilashi ka sayi wanda aka rubuta yana jure sanyi har digiri 40 ƙasa da sifili, ka ajiye galan guda a but, domin gishirin da ake barbaɗawa a titi idan tirela ta feso maka shi ya bushe, waifa kaɗai damalmala shi za ta yi. Mai kada ya gaza rabin tanki. Fitilu ka kunna su da hannunka, don a motoci da yawa fitilar rana gaba kawai take haskawa, danjar baya na kashe, kai kana ganin hanya, na bayanka ba ya ganinka. Sannan ka leƙa 511, wato shafin gwamnati na bayanan hanyoyi, a wayarka ka ga halin da hanya take ciki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk abin da hanyoyin gida suka koya mana, wato zafin nama, kauce wa rami farat ɗaya, taka birki da ƙarfi idan akuya ta faɗo, kutsawa tsakanin motoci biyu, shi ne ke jefa mutum a rami a nan. Taya tana da ɗan riƙo kaɗan ne a kan dusa, kuma riƙon nan shi za a raba wa totur, birki da sitiyari. Ka nemi biyu a lokaci guda, ka rasa duka. Abin da ya same ni ke nan: ina birki ina shan kwana. Ka rage gudu tun kana kan miƙaƙƙiyar hanya, ka ɗaga ƙafa, sa'annan ka karya sitiyari a hankali. Alhaji cewa yake in tuƙa kamar an ɗora mini ƙwaryar nono cike taf a kujerar baya.

Lambar 100 da ke kan allo ta ranar da kwalta ta bushe ce. Tazara kuma, ka zaɓi wata alama a gefen hanya, idan motar gabanka ta gifta ta ka fara ƙirga daƙiƙa. In ka isa kafin ka kai shida ko takwas, ka matse da yawa. A kan sulɓin ƙanƙara nisan tsayawa kan iya ninkawa har sau goma. Wani zai shige cikin tazarar da ka bari, ka haɗiye fushinka ka sake ja da baya. Na'urar nan mai riƙe gudu da kanta, ka manta da ita sai bazara.

Dusar da kake gani fara fat da sauƙi. Mugun shi ne siririn ƙanƙarar da ke shimfiɗa a kan kwalta, ka ɗauka jiƙewa ce kawai. Gada ce ke fara daskarewa, saboda iska na bugunta sama da ƙasa, sai wuraren inuwa da kwanonin hawa da sauka. Alamar da nake lura da ita: titi na sheƙi kamar jiƙaƙƙe, amma tayoyin motar gaba ba sa fesa ruwa, ƙarar tayata kuma ta yi shiru. Kada ka dogara da gishiri, ƙarfinsa na raguwa sosai idan sanyi ya tsananta. Irin wannan ƙanƙarar ce ta haɗa motoci fiye da 130 a Fort Worth ta jihar Texas a Fabrairun 2021, mutum shida suka rasu.

Idan motar ta fara zamewa, ɗaga ƙafa daga totur, ka kafa ido a inda kake son zuwa, hannu zai bi ido. In ka zuba wa turken fitila ido, shi za ka runguma. In bayan motar ya karkata dama, ka bi shi da sitiyari dama kaɗan, ka shirya dawo da shi da zarar ta kama ƙasa. In tsayawa ta zama dole kuma motarka na da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ka danne birkin ka riƙe. Za ka ji yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka yana gurnani, aikinsa ke nan, kada ka saki. Ka sami filin ajiye motoci da babu kowa ranar da aka yi dusa, ka gwada a ƙaramin gudu, don kada ranar farko da za ka ji wannan kakkarwa ta zama a bayan tirela.

Akwai kuma abin da na fi tsoro. Iska mai sanyi idan ta ratso ta kan Tafkin Huron, takan kwaso danshi ta juye shi a siririn yanki. Kana tafe cikin rana, minti ɗaya sai duniya ta koma fari, ko bonet ɗinka da ƙyar. Wanda ya san hazon Janairu a hanyar Kano ya ɗan ɗanɗana, sai dai hazo ba ya sa kwalta santsi. Haka motoci 96 suka yi karo a kan hanyar 400 kusa da garin Barrie a Fabrairun 2014. In ka faɗa ciki, ka rage gudu sannu a hankali, ƙaramar fitila za ka kunna don babbar dawo maka da haske take yi, kuma kada ka tsaya cak a kan layi. Mafita ta farko da ka gani, ka sauka ka nemi gidan mai. In an riga an yi karon kuma motoci na ci gaba da zuwa, kada ka fito duba bamba ko neman mai laifi irin na gida. Ka zauna da bel ɗinka a ɗaure, ka kunna danja, ka kira lambar gaggawa 911. Motocin share dusa kuwa ka bi bayansu daga nesa, hanyar da ke gabansu ta fi ta bayansu muni.

Maƙalewa ma tana faruwa. A Disambar 2010 ɗaruruwan mutane suka kwana a motocinsu a hanyar 402 wajen garin Sarnia na Ontariyo, sai da jiragen soja masu saukar ungulu suka shiga aikin ceto. In ta same ka, zauna a mota, kada ka ce za ka taka zuwa wata fitila da ka hango. Ka kunna inji kamar minti goma a kowace awa, ka ɗan sassauta gilashi. Kafin kowace kunnawa ka fita ka tone bakin salansa, domin in dusa ta toshe shi hayaƙin cikin mota zai dawo, ga shi iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari, barci kawai za ka ji yana fizgarka.

Ranar Juma'a nakan ga samarinmu sun sha shadda da hula da takalmi buɗaɗɗe, sun dogara da hitar mota daga ƙofar gida zuwa masallaci. Ka yi kwalliyarka, amma rigar sanyi, safar hannu da takalmin dusa su kasance a kujerar baya. A but ɗina akwai bargo, ƙaramin shebur, tocila, wayar tayar da batir, cajar waya, buhun yashi na zubawa ƙarƙashin taya, da ledar dabino. Dabinon ne kawai nake sake saye duk watan Nuwamba, don yaran gidana sun gano inda yake.