Turararren Ƙwai Mai Zaƙi Irin na Sin

A kudancin Sin, musamman Hong Kong, ana shan wannan haɗin bayan abinci. In ya yi kyau santsinsa kamar kindirmon da ba a dama ba. Madambacin da kike dambu da shi ya isa, ba sai tanda ba.

Na mutum biyu: ƙwai 2, madara mililita 200, sukari cokali 2 na cin abinci, ko ƙwaya 5 in na kwali ne. In ba ki da ma'auni, ɓarin ɓawon ƙwan ya ishe ki: kowane ƙwai ɗaya, ɓari 3 zuwa 4 na madara. Ƙwan zabi da ke cika kasuwannin Garwa da Marwa na Kamaru da damina ya fi na kaji ƙanƙanta, sai ki sa ƙwai 3 maimakon 2. Madarar gari irin Nido tana yi in an dama ta da ruwa, sabuwar madarar shanu ma haka in an tafasa ta. Nono kam a'a, tsaminsa zai tsinka haɗin.

Ki ɗumama madarar, ki narka sukarin a ciki, ki bari ta huce har yatsa ya iya zama a ciki. Da zafinta za ta dafa ƙwan tun a kwano. Ki kaɗa ƙwan a hankali da cokali mai yatsu, kada ya yi kumfa, ki haɗa, ki tace sau biyu da rariya mai laushi. Ki zuba a ƙananan kofuna, ki kwashe kumfar sama, ki rufe kowanne da ɗan faranti.

Wajen wuta ake yawan ɓata shi. Ruwa ya fara tafasa tukuna, sannan ki rage wuta sosai. In gawayi ne ki kwashe rabi. Ki jera kofunan, ki saƙala cokali a bakin murfi don tururi ya riƙa fita kaɗan. Minti 10 zuwa 12, ki sauke, ki bar shi a rufe minti 5.

In kin ga huji-huji kamar saƙar zuma yana tsatsafo ruwa, wuta ce ta yi yawa. Tabo a sama, gumin murfi ne ya ɗiga. In ya ƙi kamawa kuwa, madara ta rinjayi ƙwan. Wanda ya nuna, in kin girgiza kofin tsakiyarsa na rawa kaɗan amma ba ya gudu.

A sha da ɗumi, ko a sa a firji. Da zafin nan namu kada ya wuce awa 1 a waje.